Tafiyar Keke a Kwarin Kogin Danub: Yadda Kogi Ke Rage wa Jikin Ɗan'adam Wahala

Gabatarwa

A kudancin ƙasar Jamus, daf da iyakarta da Ostiriya, akwai wani tsohon gari da ake kira Passau, inda koguna uku suke gamuwa, wato Danub da Inn da Ilz. A kowace shekara, daga watan Mayu zuwa na Satumba, da zarar gari ya waye akan ga mutane suna fitowa daga masaukansu, kowa riƙe da kekensa, an rataya jakunkuna a gefen tayar baya. A cikinsu akwai samari majiya ƙarfi, akwai dattawa masu furfura, akwai mata, har da yara waɗanda ba su ƙare firamare ba. Akasarinsu gabas suka dosa, zuwa Biyana, babban birnin Ostiriya, tafiyar kimanin kilomita 320, wadda sukan cinye cikin mako guda ko ƙasa da haka.

Duk wanda ya ga wannan ayari, tambaya ɗaya ce za ta faɗo masa a rai. Yaya aka yi dattijon da hawan bene yake sa shi haki zai iya tafiyar kilomita 50 ko 60 a yini, ya kwana ya tashi ya sake, har tsawon kwana shida? Amsar tana tattare da abubuwa uku da suka haɗu a wuri guda: yadda keke yake tattalin ƙarfin jiki, da aikin da kogi ya yi na daidaita ƙasa, da kuma rashin mota a kan mafi yawan hanyar. Idan aka rasa ɗaya daga cikin ukun, tafiyar takan zama ta majiya ƙarfi kaɗai, ko kuma ta masu kasada da rai.

Asalin hanyar

Kogin Danub shi ne na biyu a tsawo a nahiyar Turai, bayan kogin Bolga na Rasha. Yana tasowa daga tsaunukan da Jamusawa ke kira Baƙin Daji, ya yi tafiyar kimanin kilomita 2,850, ya ratsa ko ya gogi iyakar ƙasashe goma, sa'an nan ya faɗa cikin Bahar Aswad. Tun zamanin da, shi ne babbar hanyar fatauci tsakanin tsakiyar Turai da gabashinta. Gangarawa da kaya ba ta da wuya, domin ruwa ne ke tura jirgi. Dawowa ita ce aiki. Kafin zuwan injin, dawaki ake ɗaura wa dogayen igiyoyi su ja jiragen daga bakin gaɓa, wani lokaci gommai a jere. Saboda haka aka share wata siririyar hanya a gefen kogin, wadda tilas ta manne da ruwa, ta kuma kasance ba hawa ba gangara, don kada dawakin su gaji ko igiya ta sarƙe.

A shekarar 1829 aka kafa kamfanin jiragen tururi na Danub a Biyana, kuma a 1837 jirgin tururi ya yi tafiyarsa ta farko daga Biyana zuwa Linz. Sannu a hankali aikin dawaki ya mutu, hanyar tasu ta zama kusan kufai. A shekarun 1980 ne hukumomin yankin suka shiga gyara ta, suna zuba kwalta, suna haɗa guntayenta, suna kafa alamomi, har ta zama hanyar keke. Yanzu tana cikin babbar hanyar da ake kira EuroVelo 6, wadda ta taso daga gaɓar tekun Atalantika a Faransa har zuwa Bahar Aswad, tsawon fiye da kilomita 4,000. A wurare da yawa tsakanin Passau da Biyana akwai hanya a kowane gefe na kogin, kuma mahayi na iya tsallakawa ta kan gada, ko ta kan madatsar ruwa, ko a cikin ƙananan jiragen fito da ke ɗaukar mutum da kekensa. A wasu ƙauyuka hanyar takan ɗan shiga titin mota, amma mafi yawanta keɓaɓɓiya ce.

Keke da tattalin ƙarfin jiki

Keke ba tsohon abu ba ne. A shekarar 1817 wani Bajamushe mai suna Karl von Drais ya ƙera wani abin hawa na katako mai ƙafa biyu, wanda ba shi da feda, sai dai mahayi ya riƙa tura ƙasa da ƙafafunsa. Irin keken da aka sani yau, mai tayoyi biyu daidai da juna da sarƙar da ke juya tayar baya, John Kemp Starley ne ya fito da shi a Ingila a 1885. Bayan shekara uku, a 1888, John Boyd Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska.

A shekarar 1973 wani malamin aikin injiniya na Jami'ar Oxford, S. S. Wilson, ya buga wata maƙala a mujallar Scientific American, inda ya kwatanta yawan kuzarin da halittu da injuna daban-daban suke ƙonawa don su ɗauki giram ɗaya na nauyinsu tsawon kilomita ɗaya. Mutum mai tafiya a ƙasa yana ƙona kimanin kalori 0.75, abin da ya sa doki ma ya fi shi tattali. Amma da aka ɗora mutumin nan a kan keke, sai adadin ya faɗo zuwa kimanin kalori 0.15, wato kashi ɗaya cikin biyar, ya kuma zarce duk sauran dabbobi da injunan da ke cikin jerin.

Dalilin haka a fili yake idan aka lura da yadda mutum yake tafiya. A kowane taku jiki yakan ɗan ɗaga sama ya sauko, ƙafar da ta taka ƙasa takan ɗan tsayar da jiki kafin ɗayar ta sake tura shi, kuma tsokokin cinya da na baya suna aikin riƙe nauyin jiki ko da mutum tsaye yake cik. Duk wannan kuzari ne da yake tafiya a banza. A kan keke kuwa, sirdi ne ke ɗauke da nauyin, taya tana mirginawa ba tare da tsayawa ba, kuma manyan tsokokin cinya suna zuba ƙarfinsu kai tsaye a kan feda. Bugu da ƙari, giya tana ba mahayi damar ya riƙa juya ƙafafunsa sau 60 zuwa 90 a minti, wanda shi ne saurin da tsoka ta fi jin daɗin aiki da shi, ko tafiyar ta yi sauri ko ta yi sanyi.

Sai dai wannan tattali yana da sharaɗi. Abubuwa uku ne suke cinye ƙarfin mahayi, baya ga gogayyar taya da ƙasa: hawan tudu, da turjiyar iska, da yawan tsayawa. Kwarin kogi yana sauƙaƙa dukansu.

Kogi a matsayin injiniya

Ruwa ba ya hawa tudu. Duk inda kogi ya bi, ya shafe dubban ɗaruruwan shekaru yana zaizaye wurare masu tsayi, yana cike masu zurfi da yashi da laka, har gadonsa ya zama gangare mai laushi. A Passau, fuskar ruwan Danub tana kimanin mita 290 sama da teku, a Biyana kuma kimanin mita 160. Ke nan a tsawon kusan kilomita 300 na kogin, ruwan ya sauko mita 130 ne kawai, wato ƙasa da rabin mita a kowace kilomita. Ido ba ya ganin irin wannan gangare.

Ɗan lissafi zai nuna muhimmancin haka. A ɗauka mahayi da kekensa da kayansa sun kai kilo 90, yana tafiyar kilomita 20 a sa'a a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, ba iska. Ƙarfin da yake bukatar bayarwa bai wuce wat 70 zuwa 80 ba, abin da mai matsakaiciyar lafiya zai iya jurewa na sa'o'i. Idan hanyar ta fara hawa da mita 5 a cikin kowace mita 100, kuma yana son ya riƙe saurinsa, sai ya ƙara kimanin wat 245 a kan na farko. Aikin ya ninka fiye da sau huɗu ke nan, kuma ɗan tsere ne kaɗai zai daɗe a haka. Gangaren Danub kuwa, ko an bi shi sama ko ƙasa, bambancin da yake kawowa bai wuce wat biyu ba.

Babban misalin aikin kogin yana wani wuri da ake kira Schlögen, kimanin kilomita 40 daga Passau. A nan Danub ya ci karo da duwatsu masu tauri, ya yi kwana ya koma baya, ya sake yin kwana, kamar maciji ya naɗe. Tuddai masu dazuzzuka sun taso a kowane gefe, kuma wanda ya ce zai yanke ta kansu sai ya yi hawa mai tsanani. Mahayin da ya bi bakin ruwa zai ƙara 'yan kilomitoci, amma ba zai canja giya ba. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, kuma a nan lissafi ya goyi bayan karin maganar.

Iska da tsayawa

A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, babban abokin hamayyar mahayi shi ne iska. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da sauri. Idan aka ninka sauri sau biyu, turjiyar takan ninka sau huɗu, ƙarfin da ake bukata don ratsa ta kuma ya ninka sau takwas. Wannan ne ya sa tafiyar kilomita 15 zuwa 20 a sa'a take da sauƙi, amma kilomita 35 a sa'a take gagarar yawancin mutane. A tsakiyar Turai iska ta fi kaɗowa daga yamma, kuma kwarin Danub ya miƙe ne daga yamma zuwa gabas. Saboda haka wanda ya taso daga Passau ya nufi Biyana, sau da yawa iskar tana bayansa. Shi ya sa akasarin matafiya suke bin wannan fuska, su dawo a jirgin ƙasa ko na ruwa.

Na uku shi ne tsayawa. Mahayin nan mai kilo 90, idan yana tafiyar kilomita 20 a sa'a, yana ɗauke da kuzarin motsi na kimanin jul 1,400. Da zarar ya matsa birki, wannan kuzari ya koma zafi a jikin taya ya bi iska, kuma sai tsokokinsa sun sake biyan kuɗinsa kafin ya koma saurinsa na da. Kowace tsayawa tana cin kusan abin da tafiyar mita 100 take ci. A cikin birni, inda akwai mararraba a kowane ɗan taƙi, wannan asara takan taru ta yi yawa. A bakin kogi kuwa, ruwan da kansa ya tare gefe guda, don haka babu titin da zai gitta sai inda aka yi gada, kuma mahayi na iya yin tafiyar rabin sa'a bai taɓa birki ba.

Zuciya da huhu da tsoka

Amfanin tafiya mai ɗorewa a sauri ɗaya ya wuce na rage gajiya. Tsokar ɗan'adam tana da zaruruwa iri biyu. Akwai masu saurin aiki, waɗanda suke ba da ƙarfi mai yawa na ɗan lokaci, su ƙona sukari ba tare da jiran iskar oksijin ba, su kuma gaji da wuri. Akwai masu jinkirin aiki, waɗanda suke cike da wasu 'yan ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, inda ake ƙona kitse da sukari tare da oksijin, kuma waɗannan suna iya aiki na sa'o'i da yawa. Hawan tudu da tashi daga tsaye suna kiran nau'i na farko. Tafiya a bakin kogi kusan dukanta aikin nau'i na biyu ne.

Mutum a zaune, zuciyarsa tana harba kimanin lita biyar na jini a minti, huhunsa kuma yana shigar da kimanin lita shida na iska. Idan ya hau keke a matsakaicin sauri, jinin yakan ninka sau biyu ko uku, iskar kuma ta ninka fiye da haka. Alamar cewa yana cikin wannan mataki ita ce, numfashinsa ya ƙaru amma yana iya hira da na kusa da shi. Idan aka lazimci irin wannan aiki na makonni, zuciya takan ƙara yawan jinin da take harbawa a kowane bugu, ƙananan jijiyoyin jini su yawaita a cikin tsoka, mitokondiriya su ƙaru, jiki kuma ya ƙara jin maganar sinadarin insulin, wanda ke kwashe sukari daga jini. Har ila yau, tun da sirdi ne ke ɗauke da nauyi, gwiwa da idon sawu ba sa shan dukan da suke sha wajen gudu, abin da ya sa keke ya dace da tsofaffi da masu ƙiba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Wani babban bincike da masana na Jami'ar Glasgow suka buga a 2017, wanda ya bi diddigin mutane fiye da 260,000 a Birtaniya na kimanin shekara biyar, ya gano cewa masu zuwa aiki a kan keke haɗarin mutuwarsu a cikin wannan lokaci ya yi ƙasa da kashi 41 cikin ɗari idan aka kwatanta da masu zuwa a mota ko bas. Irin wannan bincike ba ya tabbatar da cewa keke ne kaɗai sanadi, domin mai yiwuwa masu lafiya ne tun farko suka fi zaɓen keke, amma ya dace da abin da aka sani game da aikin zuciya.

Abin da mota ke canjawa

Duk wannan amfani, mota ɗaya na iya shafe shi cikin daƙiƙa. Motar da ta kai kilo 1,500, tana tafiyar kilomita 50 a sa'a, tana ɗauke da kuzarin motsi da ya ninka na mahayin keke kusan sau ɗari, kuma idan suka yi karo, jikin mahayin ne zai karɓi bambancin. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 1.19 suke mutuwa a haɗarin hanya a shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Wani bincike da aka gudanar a biranen Toronto da Vancouver na Kanada, aka buga a 2012, ya nuna cewa haɗarin jin rauni a kan hanyar keke da aka raba da titi da shinge kusan kashi ɗaya cikin tara ne na haɗarin da ke kan babban titi mai motoci a fake a gefe.

Akwai kuma cutar da ba a gani. Tun da mahayi yana shaƙar iska fiye da wanda ke zaune, idan yana bin bayan motoci zai fi kowa kwasar hayaƙi da ƙananan ɓurɓushin da ke shiga can cikin huhu. Masana na Jami'ar Utrecht a Holan sun auna riba da asara a 2010. Sun gano cewa wanda ya bar mota ya koma keke don gajerun tafiye-tafiye yana iya samun ƙarin wata 3 zuwa 14 a tsawon rayuwa saboda motsa jiki, yayin da hayaƙi ke rage masa abin da bai wuce kwana 40 ba, haɗari kuma kwana 5 zuwa 9. Ribar ta rinjayi asarar, amma a tuna cewa an yi lissafin ne a ƙasar da ta daɗe da ware wa keke hanyoyinsa. Inda aka nisanta hanya daga titi, ɓangaren asarar yakan ƙara raguwa, domin yawan gurɓataccen hayaƙi yana faɗuwa da sauri da zarar an matsa daga bakin titi.

Sa'an nan akwai tsoro. Uba ba zai saki ɗansa ɗan shekara takwas a gefen tirela ba, kuma dattijo ba zai fita ba idan ya san kuskure ɗaya na direba zai kai shi asibiti. Wannan ne ya sa ayarin Passau ya ƙunshi yara da tsofaffi, waɗanda ba a cika ganinsu a kan manyan tituna ba.

Abin da shiru ke bayyanawa

Ƙarar mota tana damun dabbobi kamar yadda take damun mutane. A 2003 wasu masana na Jami'ar Leiden suka nuna cewa wani ƙaramin tsuntsu na Turai yakan ɗaga muryar waƙarsa ta ƙara sirantaka a unguwannin da ƙarar mota ta yi yawa, don kada rugugin injuna ya binne ta. Inda babu wannan rugugi, mahayi yakan ji tsuntsu kafin ya gan shi, kuma tun da keke ba ya ƙara, yakan iso kusa da zalɓe a bakin ruwa kafin ya tashi.

A gangaren duwatsun da ke fuskantar kudu, daga Passau zuwa Jochenstein, rana tana gasa dutse, dutsen kuma ya riƙe ɗumi, don haka ana samun koren ƙadangare da wani dogon maciji marar dafi, waɗanda asalinsu na ƙasashen kudu ne masu ɗumi. Can gaba, tsakanin garuruwan Melk da Krems, akwai yankin Wachau, tsawon kimanin kilomita 36, inda manoma suka gina matakalar duwatsu a jikin tuddai suna noman inabi da ɗan itacen afirkot. Hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin jerin kayan tarihi na duniya a shekarar 2000. A fadamun kogin kuma akan ga kututtukan itatuwa da aka fiƙe kamar fensir. Wannan aikin wata dabba ce mai suna biba, dangin ɓera ce amma ta kai girman ƙaramin kare, tana da faffaɗar wutsiya, tana zama a ruwa. Mafarauta sun ƙarar da ita a Ostiriya a ƙarni na 19, aka sake kawo ta a shekarun 1970, yanzu ta bazu.

Kwarin yana da nasa hatsari. A cikin ciyayi akwai kaska mai ɗauke da ƙwayar cutar kumburin ƙwaƙwalwa, wadda yawancin mutanen Ostiriya suke yin allurar rigakafinta. Bayan ambaliya sauro yakan yi yawa, ko da yake ba mai kawo zazzaɓin cizon sauro ba ne. Ambaliyar kanta takan rufe hanyar, kamar a watan Yuni na 2013, lokacin da ruwa ya kai mita 12.89 a Passau, tsayin da ba a gani ba tun 1501.

Kuɗin da kogin ya biya

Masanin halittu ba zai rufe wannan bayani ba tare da faɗin abin da aka rasa ba. Wani ɓangare na santsin hanyar ya samu ne daga madatsun ruwa. Daga Jochenstein, wadda aka kammala a 1956, zuwa Freudenau ta cikin Biyana, wadda aka kammala a 1998, akwai madatsu goma masu samar da lantarki, kuma sau da yawa mahayi yana tafiya ne a kan ganuwar da ke riƙe ruwan da aka tare. Waɗannan madatsu sun mai da kogi mai gudu jerin tafkuna. Laka ta rufe tsakuwar da wasu kifaye suke zuba ƙwai a kai, an raba kogin da fadamunsa, an kuma toshe hanyar kifaye masu ƙaura. Katon kifin nan beluga, wanda kan kai tsawon mita biyar, a da yakan taso daga Bahar Aswad har ya wuce Biyana. Yawan kamu ya fara rage shi tun da daɗewa, sa'an nan madatsar da aka kammala a 1972 a mashigar da ake kira Ƙofar Ƙarfe, tsakanin Romaniya da Sabiya ta yau, ta datse masa hanya.

Wurare biyu ne kawai suka rage a Ostiriya inda Danub yake gudu a sake: Wachau, da kuma gabas da Biyana. Na biyun ya tsira ne da kyar. A watan Disamba na 1984 dubban mutane, cikinsu har da ɗaliban jami'a da yawa, suka tare a dajin fadama kusa da garin Hainburg cikin tsananin sanyi, don hana sare itatuwa domin gina wata sabuwar madatsa. Masanin halayyar dabbobi Konrad Lorenz, wanda ya sami kyautar Nobel a 1973, ya ba da sunansa ga takardar koken da mutane fiye da 350,000 suka sa wa hannu a 1985. Gwamnati ta janye, kuma a 1996 aka mai da wurin gandun daji na ƙasa mai faɗin fiye da hekta 9,000. A nan ne kififiyar ruwa ta asalin ƙasar take ci gaba da hayayyafa, kuma hanyar keke ta ratsa ta cikinsa zuwa Bratislava, babban birnin Sulobakiya. A sauran sassan kogin ana ƙoƙarin gyara ɓarna. Alal misali, a 2016 an buɗe wata magudana mai tsawon kimanin kilomita 14 da ke zagaye madatsar Ottensheim-Wilhering, kusa da Linz, don kifi ya sami hanyar wucewa.

Kammalawa

Dattijon da ya bar Passau ranar Litinin ya shiga Biyana ranar Asabar bai fi sauran tsararsa ƙarfi ba. Keke ya rage masa kuɗin kowace kilomita zuwa kashi ɗaya cikin biyar, kogi ya share masa tudu ya kuma juya masa iska zuwa bayansa, hukuma kuma ta kawar da motar da za ta sa shi yawan birki, ta cika masa huhu da hayaƙi, ko ta hallaka shi. Biyun farko ilimin halittu da yanayin ƙasa ne suka bayar, na ukun kuwa shawara ce ta mutane, wadda ba ta ci kuɗi mai yawa ba, tun da hanyar dawaki tana nan tana jira. Duk garin da ke bakin kogi yana da irin wannan shimfiɗaɗɗen zirin ƙasa a gefen ruwa, kuma masu tsara gari su ne za su yanke ko a bar shi ga mota, ko ga gine-gine, ko ga ƙafafun jama'a. Abin da tarihin Hainburg ya ƙara a kai shi ne, a yi hanyar ba tare da an kashe kogin da ya share ta ba.